Ladanin Duniya

Ana saura kwana uku azumi na tura gyarana ga wata manhajar lokutan salla, irin wadda kowa ke iya sa hannu a aikinta. Lokacinta yana saɓa wa ladanin unguwarmu a Gummi da minti huɗu, ni kuwa na daidaita su a yini guda. Har na shaida wa Inna cewa ɗanta ya gyara wa Musulmin duniya agogo.

Amsar mai duba aikin ta same ni a majalisa bayan La'asar. Ban tsaya karantawa ni kaɗai ba. Na sa aka yi shiru, na miƙe ina fassarawa.

"Mi yac ce?" in ji Sani tela.

"Ya ce sannu da ƙoƙari." Na gyara murya. "Ya ce na kafe manhajar a kan Gummi, kowa a duniya lokacinmu zai bi. Wai shi a Indonesiya sai ya ƙara awa shida kafin ya sha ruwa."

Aka mayar mini da gyarana.

Har yau in Magariba ta gabato, Sani kan leƙo daga shago: "Ladanin duniya, mutanen Indonesiya na jiran izininka. Su sha ruwa?"