Fatarina a Kan Motar Sulke

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da muka samu 'yancin kai ba, amma dalilina dabam ne da na sauran mutanen Tamale. A shekarar na koyi rubuta sunana, ina da jika biyu, kuma a shekarar na zama gwanar yaƙi ban taɓa riƙe ko gwafa ba.

Ajin manya muke zuwa bayan la'asar, mu matan zango. Ranar da hannuna ya iya sunana sai na haukace. Na rubuta shi a ƙwarya, a tukunya, a ƙyauren ɗaki, na kuma ɗinka shi da jan zare a jikin duk wani tsumma da na mallaka. (Maigidana ya ce shi kaɗai ya rage ban rubuta wa a goshi ba.)

Wata rana ticha ya ba mu jarida mai hotunan kayan soja, na tafi da ita gida. Na tarar da ƙanin mijina, Sajan Bawa, wanda ya yi yaƙin Bama, yana cin tuwona kamar kullum. Ya ɗora yatsa a kan tankar yaƙi.

"Matar yaya, kin ga sarauniya. A kan sarƙa take tafiya, harsashi ba ya huda ta. Waccan motar sulke mai taya kuwa gwangwani ce, ƙusa ɗaya ta ishe ta."

Na ce, "A daji ke nan. In faɗa ya shigo gari fa? Wannan ƙatuwar ta ina za ta bi lungunmu? Bakin bindigarta ma ba zai juya ba sai ya doki katanga. Gadar kwatarmu ta rufta da ita, na ciki ba ya ganin wanda ya laɓe a gindinta."

"Ba ta neman lungu, ita ke yin nata. Ta bi ta ɗakinki ta fita ta madafa."

"To garin da ka rushe, wa ka tsare a ciki? Mai taya ita ce ta gari. Ta shiga, ta juya, ta fita."

Ya lashe yatsa ya ce, "Ita ma ba za ta shiga lungun nan ba. Jiya-jiya kika koyi baƙi, yau har kina koya wa soja yaƙi? Ranar da ta shiga, zan sara miki a gaban jama'a."

Wannan maganar ta baƙi ita ta tsaya min a wuya. Atamfa nake sayarwa, awo sana'ata ce. Da aka kawo motar sulke fili don mutane su gani kafin bikin 'yancin kai, na je da gyalena na auna faɗinta, sojoji na dariya. Na dawo na auna lungunmu daga baki har ƙarshe. Akwai rarar kamu ɗaya. Na ɗaura gyalena na jira ranata.

Ranar biki sojoji suka zo gaishe da sarkin zango. Babbar hanya ta cushe da makaɗan Dagomba da masu rawar takai, mota ta tsaya cik. Kofur ɗin da ke samanta ya leƙo yana tambaya ko akwai wata hanya. Kafin kowa ya buɗe baki na yi tsalle gaba.

"Biyo ni, ɗana. Na auna."

Na shige gaba ina taku kamar janar, sabon ɗaurin kaina ya kusa taɓo gajimare. Mota na gurnani a bayana, matan ajinmu na guɗa a bayanta. Ta shiga, jama'a! Ko katanga ba ta goga ba. Na hango Sajan a bakin lungu, fuskarsa kamar an kwashe masa tuwo.

Abin da ban auna ba shi ne sama. Motar tana da wata doguwar sandar waya ta rediyo, mu kuma a lungun muke ɗaure igiyar shanya daga katanga zuwa katanga. Ni da kaina na yi wanki da safe.

Muka ɓullo ƙofar sarki, inda duk zango ya taru. Na ji guɗa ta koma wani abu dabam. Na waiwaya. A can ƙolin sandar, yana kaɗawa sama da sabuwar tutar ƙasa, tsohon fatarina ne, wanda na yi wa faci da buhun fulawa.

Da a bara ne, da na ce ban san mai shi ba. Amma ga sunana da jan zare ɓaro-ɓaro, ga mata sun yi wata shida suna koyon karatu ba su samu abin karantawa a fili ba sai yau. Mma Azara mai koko ta fara haɗa baƙin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, sauran na amsawa kamar a aji. Da suka kai ƙarshe suka kira sunana baki ɗaya, har da tafi. (Ticha na wurin. Wallahi murna yake yi.)

Sajan dai ya cika alkawari. Ya tako, ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara. Sai dai ba ni yake kallo ba, sama yake kallo.

Kofur ya sauko da abin a kan bakin bindiga ya miƙo min da ladabi. Na karɓa na ce, "To, ta shiga ko ba ta shiga ba?" Wuri ya kaure da dariya, liman ma ya rufe baki da rawani.

Gardama ni na ci, har gobe ina kan bakata: yaƙin gari sai mai taya. Amma na koyi cewa janar na ƙwarai, kafin ya kira runduna unguwarsu, gida yake fara zuwa ya kwashe shanya.