Ranar da Na Sa Niƙabi Don In Ci Gasar Balot

Ba zan taɓa mantawa da wannan yini ba, ko da kuwa zan manta abin da na ci jiya. Shekarar da aka bar mata suka fara tuƙa mota ce, 'yan shekaru bayan ƙugiyar gini ta faɗo a Harami, lokacin rusau bai iso layinmu na unguwar Nakkasa ba, sai dai jita-jitarsa. Ni haka nake riƙe shekaru, tunda ba da takarda nake aiki ba.

Boko ban yi ba, allo ma kaɗan na taɓa. Amma baki kam Allah ya ba ni. Iyayena ta Sudan suka biyo suka shigo ƙasar nan (ina goye aka yi tafiyar, amma in na ba ka labarin hanyar sai ka rantse ni na ja raƙumin). Duk Alhamis bayan la'asar mukan taru a gidan Hajiya Ladi a Tandabawi, a dafa shayi, a soya sambusa, ni kuma a ba ni fili. Hajiya Ladi aminiyata ce tun muna sayar wa alhazai turare, kuma ba mu taɓa yarda ɗaya ta fi ɗaya ba.

Sai balot ya shigo mana. Wasan karta ne na mutum huɗu, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokin hannunsa. Da can na maza ne, amma da aka fara gasarsa a fili, sai 'ya'yan Hajiya Ladi suka kawo shi zamanmu. Ba kuɗi a ciki, ba caca. Duk da haka ni ce kan gaba wajen zaginsa, na ce aikin marasa abin yi ne. Gaskiyar maganar kuwa, abin da ya dame ni daban. Sai in ɗauko labari, in kai inda ake riƙe numfashi, in ɗaga ido in ga ba mai kallona. Wata ta ce in ɗan dakata su gama wannan zagayen. Zagaye kuwa ba ya ƙarewa. Na koma tsohuwar da ake miƙa wa shayi a gefe.

Na ce a raina, tunda karta ta ƙwace mini fili, ta hanyar karta zan karɓo shi.

Samira, matar babban ɗana, ita na kama. Haifaffiyar nan ce, Hausarta tana ɗingishi, Larabci ne ya fi zama a bakinta. Na aike ta unguwar Aziziyya ta sayo mini ɗan littafin da ke koyar da dabarun wasan. Kullum bayan azahar ta karanta da Larabci, ta juya mini da Hausa, ni kuma in haddace. Littafin ya ce ka riƙe duk katin da ya fita a kanka. Wannan ai ba aiki ba ne ga wadda ta san wa ya haifi wa a gidaje fiye da yadda zan ƙirga. Ya ce kada ka yi gaggawar cewa ka saya, wato ka ɗauki nauyin cin zagayen, in hannunka ba ƙarfi. Ya ce ka lura da abokan karawarka. Sannan ya zo kan babbar magana, cewa gwani ba a karanta komai a fuskarsa. Na sa Samira ta maimaita mini wannan wurin har ta gaji. Na riƙa zama gaban madubi ina ɗaure fuska kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Muka fara gwaji a gida, ni da Samira da maƙwabtanmu mata biyu, duk sa'annin 'ya'yana. Na ci yau, na ci gobe. Na ci har abin ya daina ba ni mamaki. (Da ina da wayon da nake ɗauka ina da shi, nan ya kamata in tsaya in yi tunani.) Ko zaman Alhamis na daina zuwa, wai kada a ga dabarata.

Ana nan sai bikin jikar Hajiya Ladi ya taso. Aka kama istiraha, irin gidan da ake haya don taro, aka ce ranar wuni bayan azahar za a yi gasar balot ta mata, wadda ta ci ta tafi da tiren shayi. Na aika wa Hajiya Ladi cewa ta goge tiren da kyau, don ba na son ƙura a kayana. Ta aiko cewa ta ji.

Ranar na shiga ɗakin mata, kowa ta cire niƙabi ta rataye abaya kamar yadda aka saba, ni kuwa na bar nawa. Aka tambaye ni ko lafiya, na ce mura. A zuciyata ina ta yaba wa kaina: wanda ya rubuta littafin namiji ne, bai san akwai hanyar da ta fi ɗaure fuska sauƙi ba. Aka haɗa mu, ni da Samira, da Hajiya Ladi da ƙanwarta Zainaba. Mata suka kewaye mu.

Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba. In hannuna ya yi kyau, sai su Hajiya Ladi su noƙe, su ƙi zubar da komai mai amfani. In ya lalace, sai su afka mini kamar an gaya musu. Bayana kuma ana ta ƙyalƙyala dariya, na ɗauka niƙabin ne. Samira ta sunkuyar da kai, gumi yana zuba mata. Kafin a kira la'asar sun gama da mu sarai.

Nan fa na miƙe. A gaban surukai da baƙi na ce an yi mini maguɗi, ko dai wata a bayana tana yi musu alama, ko an yi wa kartar shaida. Hajiya Ladi ba ta yi fushi ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sa aka kawo sabuwar karta, ta ce ni in raba da hannuna, sannan ta juya mini baya ta fuskanci bango.

Na raba, na ɗaga nawa na duba.

“Wannan hannun ba komai a cikinsa,” in ji ta.

Haka ne kuwa. Na sake rabawa, na duba.

“Yanzu kin samu. Har da walad, ko?”

Walad shi ne katin da ya fi kowanne ƙarfi, ga shi kuwa a tsakanin yatsuna. Na fara tunanin ko aminiyata ta shiga wani abu ban sani ba. Sai ta juyo tana share hawayen dariya.

“Ya Hajja, kin rufe fuska kin bar baki. In kin samu, ki ce Alhamdulillahi. In babu, ki ce Allah ya sa haka ya fi alheri. In walad ne, har da Masha Allah. Su masu wanke kofi a kicin ma suna ji.”

Ashe kunnena ne ya yi nauyi. Abin da nake zaton a zuci nake faɗa, da ƙarfi yake fita. Tun ina yarinya ba a taɓa miƙo mini abu na karɓa shiru ba, to ina bakina zai san cewa karta daban ce?

Na juya wajen Samira na tambaye ta ko ta sani. Ta ce tun ranar farko, ita da maƙwabtan duka. Na ce to me ya hana ta faɗa mini, ta bari ina ta ci a gida ina hura hanci? Ba ta ɗago kai ba.

“Umma, da wane baki zan ce miki ki daina gode wa Allah?”

Na cire niƙabin nan, don ba sauran abin da yake rufewa. Na ba Hajiya Ladi haƙuri a gaban waɗanda na zarge ta a gabansu, kuma wannan ya fi shan kayen ɗaci.

Abin da na gane, duk nasarar da ka samu a hannun mai jin kunyarka, kada ka fita da ita waje. Littafin ma bai yi ƙarya ba, ni ce dai ba da ni yake ba. Wanda aka halitta don ya faɗi, ba zai yi gwaninta a sana'ar ɓoyewa ba.

Alhamis ta gaba na je da niyyar in zauna a gefe. Sai wata da ba ta halarci bikin ba ta ce a ba ta labari, Zainaba ta fara, ta lalata shi tun daga farko. Na kasa haƙuri na karɓe. Har na kai ƙarshe ba wadda ta taɓa karta. Filin ya dawo, sai dai da mutuncina na saye shi, kuma har yau wannan labarin aka fi roƙona.

Hajiya Ladi ta rasu, Allah ya jiƙanta. Maƙwabtan nan biyu rusau ya raba mu, ɗaya na ji tana Jidda. A cikin mu huɗun da muka kara a gasar nan, saura Zainaba, da ba ta gani sosai yanzu, sai Samira, sai ni. Muna ɗan taɓa wasan jefi-jefi, kuma na hana Samira ta bar ni in ci. Tun daga ranar ban sake ci ba.