Laccar da Na Yi wa Maƙera

Kawuna, maƙeri a Gummi, ya ƙera injin sussukar shinkafa, ya ce in duba masa dokar hana kwaikwayon ƙira, tunda ni ne lauyan gida. Wata biyu ina bin tarihinta tun daga zamanin Turawa. Da ilimi ya cika mini ciki, na tara maƙeran gari in ja masu kunne, na girke injin a buɗe don misali. Na ji daɗin yadda suka nutsu. Ashe ba ni suke kallo ba, injin suke kallo.

Kafin girbi, injin ya hayayyafa har Anka.

Kawu, Allah ya saka masa, dariya ya yi: "Bari damuwa, ɗana, arziki na Allah ne."

Har yau maƙeran nan tambayata suke: "Lauya, yaushe za a sake lacca?"