Waƙar Sabulu da Buhu Uku na Hatsi

Zamanin mulkin soja ne, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, inda ake ce wa malami Mushe, ina kuma kaɗa jita a wasan samariya. Ana jiran ruwan shuka, wani Alhaji ya zo daga Mayahi in tsara masa waƙar tallar sabulu, wadda lasifikar motarsa za ta riƙa sakawa ran kasuwa.

Da ya ji waƙar, sai ya gyaɗa kai. "Mushe, na ba ka buhu uku na hatsi."

Na gyara tabarau na ce, "Albarka." Na yi masa bayani a natse cewa maroƙa ake ba hatsi, ni kuwa mawaƙin zamani ne, kuma a Yamai kuɗi ake biyan irinmu. Ban taɓa zuwa Yamai ba. Na yanke masa farashin da ya ɗara buhu ukun kaɗan.

Bai nemi ragi ba. Ya biya da hanzari, har da addu'a, na ɗauka kwarjinina ne.

Damina ba ta yi ba. Kafin kaka, kuɗin ko buhu guda ba su saye. Ina tsaye a layin hatsin gwamnati, soja na tsare da mu, motar Alhaji ta wuce tana zuba muryata. Layin duka ya juyo ya dube ni.

Har yau, in matata ta kawo tuwo, sai ta dafe murfin ta ce, "Mushe, na hatsi ne fa. In buɗe, ko albarka?"