Dolly Ta Rasu Tana Jiran Kwana Casa'in

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tsoro da ba ya furtawa a gaban yarinya, Roy Stanek na gabashin Toledo, a madadin matarsa Darlene da 'yarsu Tessa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar motarsa akori-kura, wadda kowa ya sani da Dolly. Ta cika da safiyar Talata a inda ta kwashe shekara shida tana tsaye, gefen gareji, gabanta na kallon titi.

Marigayiya ta shigo gidan nan da aiki ɗaya: ta fitar da Roy daga kamfanin kwali, inda ya shekara goma sha tara yana tura takarda cikin bakin inji. Walt, ƙanen Darlene, yana da kamfanin gyaran famfo a Dayton, ya kuma ce duk ranar da Roy ya zo da motarsa da kayan aikinsa, akwai wurinsa. Roy ya sayi Dolly a hannun wani tsohon manomi, ya ɗaura mata akwatin ƙarfe a baya, ya jera sifana da filaya da zarto, kowanne a gurbinsa. Sati uku bayan haka Tessa, tana 'yar shekara shida, ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana ramewa a idonsu. Likita ya ce ciwon sukari ne, allura sau huɗu a rana, har iya rayuwarta.

Katin inshorar lafiya na kamfanin kwali ne ke ɗaukar maganin. Na Walt ba ya fara aiki sai sabon ma'aikaci ya cika kwana casa'in, na tsohon wuri kuwa yana mutuwa a ƙarshen watan da ka ajiye aiki.

"Haba mijin Yaya, kwana casa'in fa aka ce, ba shekara casa'in ba," in ji Walt. "Ko sai kwali ya binne ka?"

"Ka taɓa ganin Tessa ta suma a ƙasan kicin?" in ji Roy. Walt bai ƙara tayar da zancen a gaban abinci ba.

Waɗanda suka san marigayiya za su shaide ta da haƙuri. Kowace Lahadi bayan coci Roy yakan tashe ta don kada batir ya kwanta. Takan yi tari sau biyu, kuf, kuf, sannan ta kama da wani gurnani mai kauri da ke girgiza tagar maƙwabta. Ya kai ta ƙarshen layi, ya juyo, ya mayar da ita wurinta. Iyakar tafiyarta ke nan. Sau biyu aka loda mata kaya da niyyar Dayton: ranar da kafaɗar Roy ta ƙi ɗaguwa, da ranar da Gil, shugaban ma'aikata, ya zage shi a gaban sababbin ɗauka. Duka biyun Roy ya shiga gida shan ruwa, ya buɗe firji, ya ga ƙananan kwalaben allurar Tessa a jere kusa da man shanu, ya fito ya sauke kayan. Dolly ba ta taɓa yi masa gori ba. Gil ne mai gori.

"Stanek, ya Dayton? Ko hanyar ce ta ƙara tsawo?" Haka yake cewa, sannan ya rubuta sunansa a aikin Asabar. Gil ya san duk wanda ke da marar lafiya a gida, ya kuma san irinsu ba sa cewa a'a.

Jinyar ƙarshe ta daɗe. Tsatsa ce ta fara ta ƙasa, inda ido ba ya kai. A watan jiya wasu baƙi masu fararen hulunan kwano suka zo kamfani suna auna injuna da tef, ba sa gaisawa da kowa, har aka fara raɗe-raɗin za a rufe wurin. Roy ya kira Walt. Walt ya ce gurbi ɗaya ya rage, ranar Laraba zai ba wani. Darlene ta nuna wa mijinta kwalaben da ta daɗe tana tarawa a bayan firji, za su kai kwana arba'in. "Ka tafi, Baban Tessa," ta ce. "Sauran hamsin ɗin mu san yadda za mu yi."

Da safiyar Talata ya loda kaya, ya zauna, ya murɗa makulli. Dolly ta ce kak, sau ɗaya. Ya sake murɗawa, shiru. Bakanike ya zo ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana kaɗa kai: inji ya ƙame, ƙarfen gindi ya rube, ba abin da ya saura na gyara. Mai wannan sanarwa ba zai ɓoye wa masu ta'aziyya ba: da ta ƙi tashi, abin da ya fara ji sauƙi ne, kamar an sauke masa kaya. Tsoron daga baya ya zo, kuma bai tafi ba. Walt ya ba wani gurbin.

Marigayiya ta rasu ta bar akwatin kayan aiki da bai taɓa ganin famfon kowa ba, da taya huɗu masu sauran rai, da katin inshora a aljihun Roy wanda shi ma ana jin jikinsa ba daɗi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, lokacin da motar masu gwangwan za ta zo ta ja ta. Darlene za ta karɓi gaisuwa a ƙofar gareji, akwai kofi. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya faɗi abin da ya hana Dolly tafiya in Tessa na kusa. Ita ta ɗauka babanta son kamfanin kwali yake yi. Roy ba zai samu halarta ba, yana aikin Asabar. Ba kuma za a yi zaman makoki ranar Litinin ba, domin an kira dukkan ma'aikata taro a ɗakin cin abinci na kamfani da ƙarfe bakwai, an ce kowa ya zo da katinsa.