Sanwicin Surukata da Injin Mai Girma

Jama'a, yau da hannun hagu nake rubutu, na dama ya ƙi ɗaguwa. Bari ku ji dalili.

Surukata ce ta zo jinya gidanmu, an cire mata haƙoran tauna. Ba ta iya cin komai, duk ta rame, uwargida ta bi ta damu. Ni kuma da shegen bakina na ce a bar ni da ita, zan haɗa mata sanwici na niƙaƙƙen nama, mai laushi kamar auduga. Ai Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya ƙaddamar mana da injin niƙa nama a kasuwa. Da idonmu muka gani a talabijin, har da tafi.

Na sayi nama na nufi rumfar injin. Ga allo da hoton Mai Girma yana murmushi, ga sabon fenti, ga mai gadi. Inji ne kawai babu.

Na tambayi wani mahauci da ke gefe, "Maigida, ina injin?"

Ya ce, "Ya tafi aiki."

"Wane aiki kuma?"

"Ƙaddamarwa mana. Shi kaɗai ne a garin nan, kasuwa-kasuwa ake yawo da shi ana yanka masa ƙyalle. Ko a nan ba a taɓa kunna shi ba."

Kai, madalla da wannan tattali! Injin da ba a kunnawa ai ba ya lalacewa.

Na dawo gida raina a ɓace, uwargida kuma tana wurin aiki. Na naɗe hannun riga, na jawo turmi bayan kicin, na hau kirɓa nama. Tela maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, lafiya? Ko juyin mulki aka yi a gidan?" Ban kula shi ba. Na kirɓa har kafaɗata ta ce ƙas, na tsince jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na soya albasa da tafarnuwa, na zuba naman, na barbaɗa citta, gishiri da ɗan barkono, na juya har ƙamshi ya cika gidan. Na tsaga burodi mai taushi, na shafa man shanu, na cusa naman a tsakiya.

Na kai mata, na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Inna, ga ɗan abin taɓawa."

Ta gutsura a hankali. Ta ƙara. Wallahi da na ga ta cinye tas, sai da idona ya kawo ruwa don daɗi. Sai ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya yi wa Mai Girma albarka! Injin nan nasa ya iya niƙa. Kullum a riƙa kai masa a niƙo mini."

To, wa ya isa ya yi musu da surukarsa? Na sunkuyar da kai na ce amin.

Ranka ya daɗe, in kana neman injin da za ka ƙaddamar a kasuwa ta gaba, ga ni nan. Ni dai an taɓa kunna ni.