Sallau da Faifan Baba

A garin Kukar Maƙera akwai gidan marigayi Barau Makaɗi, mai gangar noma. Mutum uku suka rage a gidan. Akwai Inna Kande, da babban ɗanta Sallau, wanda in ka ce masa ya tsaya a nan, to a nan ruwan sama zai same shi. Sai ƙanensa Nafi'u, da ya daɗe a Kwatano yana buga-buga. Yana can uban ya rasu, bai sami jana'iza ba. Ya dawo da tsohuwar kwamfuta da ya saya a hannu, da zuciya a kusa. Abin da ya rage na muryar Barau a duniya faifan sidi ne guda ɗaya, shi ma bayansa ya fara ɓarewa. Nafi'u ya rantse ba zai sake barin gari ba sai ya kwafe waƙoƙin nan kafin faifan ya mutu.

Wata rana ya sa faifan, ya buɗe manhajar kwafa. Sai wani ɗan akwati ya fito a allo da Turanci, wai ba shi da izinin ajiye komai a wannan folda. Ya rufe, ya sake buɗewa, ya canza folda, ita ma haka. Ya gwada shiga a matsayin mai kwamfutar, ta nemi lambar sirrin mutumin da ya sayar masa.

"Kaya nawa, a ɗakin ubana, a ce ba ni da izini," in ji Nafi'u.

"To wa ke bayarwa?" in ji Sallau.

"Wani babba, wanda ya fi ni iko a kanta."

Nafi'u ya fita shan iska. Da ya dawo sai ya tarar Sallau ya kawo Mai Unguwa, ga shi a kan tabarma, da rawaninsa, yana fuskantar kwamfuta, yana cewa shi dai ya yarda, a bar yaran nan su yi aikinsu. Inna ta yanka zakaran da take tattali saboda baƙon. Akwatin yana nan a allo, bai ko motsa ba.

Wata rana Nafi'u zai hau tudun bayan gari, inda waya ke kamawa, don ya kira wani mai gyara a birni. Ya zaunar da wansa a gaban allo.

"Yaya, in akwati ya fito, danna wannan na hagu. Kada ka tsaya tunani."

Sallau ya jingina gwiwar hannu a kan maɓallai ya zuba ido. Akwati ya fito, ya danna. Wani ya fito, ya danna. Ashe gwiwar ce ke kiran su, kuma tambaya suke ko a share kaza. Kafin Nafi'u ya sauko, duk hotunan zamansa na Kwatano sun tafi, har wanda ya ɗauka a bakin teku da aron kwat.

"Ba ka ga abin da take tambaya ba?"

"Na gani. Har na fara tunani, sai na tuna ka hana."

Abin da ya fi ƙona wa Nafi'u rai shi ne, wajen shara kwamfutar ba ta hana kowa ba.

Wata rana mai gyaran ya ce ko faifan ne ya yi datti. Nafi'u ya san ba nan matsalar take ba, amma ya gaji da musu. Ya miƙa wa Sallau ya ce ya goge shi tas, yadda Inna ke goge tiren baƙi. Sallau ya nufi bakin rijiya da toka da soso. Allah ya sa Inna na wajen, ta damƙe hannunsa bayan ya dirza sau ɗaya.

"Babba, muryar ubanka ce za ka kankare?"

"Haka kike wa tire, Inna."

Wani dogon zane ya ratsa faifan.

Wata rana, ranar kasuwa, ya yi gwajin ƙarshe. Akwatin nan ya sake fitowa. Ya zare faifan ya dangwarar a kan tabarma.

"Na haƙura. Ɗauke shi daga gabana, Yaya. Kai shi kasuwa kowa ya ji, tunda ni ba a yarda na ajiye ba."

Ya ja zane ya rufe fuska. Sallau kuwa ya sa faifan a aljihu, ya tafi wurin Ɗan'iro mai maganin basir, wanda ke da na'ura da ƙatuwar lasifika a kan baro. Ya tsaya masa a kai har ya yarda. Muryar Barau ta tashi a tsakiyar kasuwa, tana kiran manoma da sunayen kakanninsu. Masu awo suka ajiye mudu. Faifan ya yi ta juyawa a rana har la'asar, sannan ya yi ƙara, ya tsaya. Sallau ya dawo da shi a lanƙwashe kamar ƙosai ya sha mai.

Nafi'u ya karɓi faifan ya duba. Ya ce gobe zai bar garin, kuma kada wanda ya neme shi.

Da safe ya rataya jaka ya nufi tasha. A teburin mai shayi sai ya ji ganga, ya ji tarin da uban ke yi kafin ya ɗauki waƙa. Daga wayar mai shayi take fitowa. Wani ɗan acaɓa ya wuce, shi kuma wata waƙar ce a aljihunsa. Ashe rabin kasuwa sun ɗaga waya sun naɗa.

"Kai ne ma ba ka da ita?" in ji mai shayi. "Kawo wayarka in tura maka. Waƙar shuka kuma tana wurin Hansatu mai fura."

Nafi'u ya sauke jaka ya zauna a benci. Yana cikin saurare sai ga Sallau a kan keke, da aron waya ɗaure a gaba tana waƙa.

"Ina kuma za ka, Yaya?"

"Cewa ka yi kowa ya ji. Mutanen ƙetaren rafi ba su zo kasuwa jiya ba."